Shekara 47 a kan tudu ɗaya: Paolo Matthiae da birnin Ebla

Akwai wani tudu a arewacin Siriya, wajen kilomita 55 kudu maso yamma da Halab, garin nan da 'yan jarida ke ce wa Aleppo, dab da wani ƙauye mai suna Mardikh. In ka hango shi daga nesa ba za ka kawo komai a ranka ba, tudu ne dai irin wanda ya cika yankin, sai dai shi yana da faɗi sosai, hekta 56, kuma in ka hau ka duba da kyau za ka ga gefensa ya zagaye kamar bakin akushi, ga wani ƙaramin tudu a tsakiya. Wannan zagayen ganuwa ce, tudun tsakiyan kuma nan fada take. A nan wani ɗan Italiya mai suna Paolo Matthiae ya fara tono a 1964 yana ɗan shekara 24, bai daina dawowa ba duk shekara har 2010, zango 47 ke nan a jere, kuma ba gajiya ce ta tsayar da shi ba, yaƙi ne.

Yawancin masu ba da labarinsa sai su tsallaka kai tsaye zuwa 1975, shekarar da aka buɗe wani ɗaki mai dubban allunan laka masu rubutu, duniya ta ɗauka. Ni kuma abin da ya fi riƙe min hankali shi ne shekara goman da suka gabaci wannan rana, da rigimar da ta biyo bayanta, don a nan ne mutum zai gane mene ne ainihin aikin farfesan da ke jagorantar tonon tsohon birni. Ba neman dukiya ba ne, ba ma neman abin mamaki ba ne. Aikinsa shi ne ya hana kowa, har da shi kansa, faɗin abin da ƙasa ba ta faɗa ba.

A Roma aka haife shi a 1940, mahaifinsa masanin tarihin zane-zane ne, shi ma ta wannan ƙofar ya shigo, don tun yana ɗan shekara 22 ya fitar da littafi a kan sassaƙa da zanen tsohuwar Siriya. A jami'ar Roma da ake kira La Sapienza ya yi karatu, a nan ya koyar har ya zama farfesa, kuma Sabatino Moscati, babban malamin sashen nazarin Gabas a lokacin, shi ya damƙa masa tawagar. To me ya sa Mardikh, alhali tuddai sun fi a ƙirga a Siriya? A gidan tarihi na Halab ya ga wani komi na baƙin dutse da aka sassaƙa wa hotuna a jiki, manoma ne suka ci karo da shi a wannan tudun. Salon sassaƙar bai yi kama da na Iraƙi ba, bai yi kama da na Masar ba, nasu ne na gida. A wancan lokacin kuwa abin da manyan masana suka tafi a kai shi ne tsakiyar Siriya a shekaru 4,500 da suka wuce ba ta da wani birni na a-zo-a-gani, hanya ce kawai tsakanin Masar da ƙasar koguna biyu, wato Iraƙi ta yau, makiyaya na kai da kawowa, wayewa da rubutu duk na maƙwabta ne. Komin nan ya sa shi shakka, shakkar nan ce ta kai shi Mardikh.

Sai an gane yadda irin wannan tudu ke samuwa kafin a gane wahalar aikin. Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san in katanga ta faɗi da damina ba a cika kwashe ƙasar a kai ta nesa ba, bajewa ake yi a sake gini a kai, sai ka ga a hankali tsakar gida ta fi lungu tudu. To ka ninka wannan sau ɗaruruwa cikin shekara dubu biyu, ka haɗa da gobara da yaƙi da juji, shi ne gari ke hawa kan gawar kansa har ya zama tsauni. Larabawa na ce masa tall. Mai tono yana farawa ne daga sama, wato daga ƙarshen labari, yana sauka hawa-hawa zuwa farkonsa, kuma matsalar ita ce bangon tubalin laka da ƙasar da ta binne shi duk abu ɗaya ne, laka ce a cikin laka. Sai an kankare da cokalin magini a hankali, a share da buroshi, a duba da sassafe lokacin da ƙasa ke da ɗan laima, sannan layin da ya raba tubali da tubali zai fito siriri. Wanda bai iya ba sai ya haƙe bangon fada gaba ɗaya ya zubar a kwando bai ma san ya yi ba. Kuma ba a maimaitawa, hawan da ka cire ya tafi ke nan har abada, abin da ka auna ka zana ka ɗauki hoto ka rubuta a littafi shi kaɗai zai rage. Shi ya sa suke tara tsingaro kwando-kwando suna wankewa suna sa musu lamba, don salon tukunya na sauyawa da zamani, bakin tulu ɗaya zai iya gaya maka ƙarnin da kake tsaye a kai.

Haka suka yi ta yi, shi da ɗalibansa da mutanen ƙauyen Mardikh da ake ɗauka aiki duk zango, waɗanda su ne da hannunsu suka ɗebe kusan duk ƙasar nan amma ba kasafai ake jin an ambace su ba. Shekarun farko sun tono birnin da ya rayu tsakanin 2000 da 1600 kafin haihuwar Annabi Isa alaihissalam, ƙofar gari, ɗakunan bauta, gidaje, da ganuwar nan da tsayinta ya kai wajen mita 20. Aiki ne mai kyau, amma ko sunan garin ba su sani ba.

Sunan Ebla dai an daɗe da saninsa a rubuce. Sargon, sarkin Akkad, wata tsohuwar daula a ƙasar Iraƙi, ya sa an rubuta cewa ubangijinsa Dagan ya ba shi ƙasashen sama har da Mari da Ebla. Jikansa Naram-Sin ya yi alfahari cewa shi ya rusa Armanum da Ebla, abin da a cewarsa ba sarkin da ya taɓa yi. Amma ina garin yake? Kowa da hasashensa, wasu ma can cikin Turkiyya suke nema. Sai a 1968 aka tono gangar jikin wani mutum-mutumi na baƙin dutse, ba kai, da rubutu a kafaɗa da ƙirji, na wani sarki Ibbit-Lim, kuma sunan Ebla na ciki. Matthiae ya ce to ga Ebla nan. Wasu masana suka ce a'a, mutum-mutumi ai ana iya ɗauko shi daga wani gari a kawo, a ganima ko a kyauta, kuma gaskiya ba su yi laifi ba da suka faɗi haka, dutse ɗaya bai isa shaida ba. Sai da ya sake jiran shekara bakwai.

A 1973 suka fara yankar gefen yamma na tudun tsakiya, suka faɗa kan wani gini da ya girmi duk abin da suka gani a baya, bangaye masu kauri, farin shafe, babban fili na zaman fada da dandamalin da sarki ke zama, matakala, ko'ina alamar wuta. Suka sa masa suna Fada G, don su da haruffa suke raba wuraren tono. A 1974 aka sami alluna 42 na laka a wani ɗaki. A 1975 aka sami wajen 1,000 a wani ƙaramin ɗaki, sannan a ƙarshen zangon aka buɗe babban, wanda a littafinsu lambarsa L.2769.

Ɗakin nan ƙarami ne fa, mita biyar da ɗoriya a tsawo, uku da rabi a faɗi, bai fi ɗakin kwana ba. A jikin bango uku an yi kantar katako hawa uku, an jera allunan a tsaye a kan gefensu, ɗaya bayan ɗaya, fuskar na kallon mai shigowa, kamar yadda ake jera fayil a ofis. Da wuta ta ci fadar sai katakon ya ƙone, kantocin suka zube, allunan suka zame ƙasa jeri bisa jeri, rufi ya faɗo ya danne su. Wutar da ta hallaka garin ita ta gasa lakar ta zama kamar tukunya, da ba don ita ba da da yawansu sun narke tuntuni. Wasu ƙanana ne masu zagaye da za su zauna a tafin hannu, wasu manya masu kusurwa huɗu da suka haura santimita 30 kowane gefe, an cika su gaba da baya da rubutu ƙanana-ƙanana. Jimillar abin da aka ba lamba ya haura 17,000, amma a kula, yawanci gutsattsari ne, cikakkun ba su kai 2,000 ba, kuma ana ƙiyasin asalinsu dubu huɗu ne zuwa biyar. A nan ma 'yan jarida sun yi ta ruɗa mutane da lissafi.

Abin da ya sa nake ganin girman mutumin a nan yake. Ka yi tunanin wanda ya shekara goma sha ɗaya yana jira, ana masa kallon yaron da ya zaɓi tudun da ba kowa a ciki, yau ga shi tsaye kan abin da ba a taɓa samun irinsa ba na wancan zamanin, zango ya zo ƙarshe, ruwan sama na tafe. Abu mafi sauƙi shi ne a kwashe a zuba a akwatuna a kai gidan tarihi. Amma sai da aka rubuta inda kowane ya faɗi, gefen wane bango, a wane hawa na tarin, aka auna ramukan ginshiƙan kanta a daɓe da sawun katako a jikin shafe. Saboda wannan ne daga baya aka iya gane yadda marubutan fada suka tsara ma'ajiyarsu, cewa lissafin tufafi na da gefensa, na azurfa da zinari na da nasa, littattafan koyon kalmomi na da nasu. Da ɓarawo ne ya riga su shiga, da allunan suna nan a kasuwa, amma tsarin ya ɓace.

To me ke cikinsu? Rubutun irin na Iraƙi ne, wanda ake danna tsinken kara a ɗanyar laka ya bar alama kamar kan ƙusa. Giovanni Pettinato, masanin rubutun da ke tare da tawagar, mutumin Sisili ne da ya yi karatu a Jamus, shi ya fara lura cewa a ƙarƙashin alamomin Sumer, wato rubutun mutanen kudancin Iraƙi na dā, akwai wani harshe da ba a sani ba, ɗan gidansu Larabci da Ibrananci. Wannan yabo nasa ne, ba mai ƙwace masa. Sarki a harshen malikum ne, sarauniya maliktum, saiwar nan dai da ta ba Larabci malik, mu kuma muka aro mulki da mallaka daga gare ta. Akwai ma alluna na ƙamus, kalmar Sumer a gefe, fassararta da harshen Ebla a kusa, kalmomi sama da 1,000, suna cikin ƙamus mafi tsufa masu harshe biyu da aka sani a duniya.

Mafi yawansu kuwa lissafi ne tsagwaronsa, na shekara arba'in zuwa hamsin, wajen 2400 zuwa 2300 kafin Miladiyya, zamanin sarakuna uku, Igrish-Halam, Irkab-Damu da Ishar-Damu. Wane ya karɓi riga, wane ɗan aike aka ba ɗamara, tumaki nawa, ulu nawa, man zaitun da sha'ir nawa, azurfa nawa ta shigo nawa ta fita. Kamar abin gundura, amma daga nan aka gina tarihin yankin gaba ɗaya. An ga Ebla ta shekara da shekaru tana biyan haraji ga Mari, birnin da ke bakin kogin Furat, sama da kilo 1,000 na azurfa da sama da kilo 60 na zinari, kafin ta yi ƙarfi ta daina. An ga ana aurar da 'ya'yan sarki zuwa biranen Nagar da Kish don ƙulla ƙawance. An ga ana sayo wata dabba mai tsada daga Nagar don jan keken sarauta, wani irin alfadari, haɗin jakin gida da jakin jeji. Har sunan Halab yana ciki, da ɗakin bautar Hadda da ke can, wato sunan garin nan da muke ji a labaran yaƙi ya haura shekara 4,300 ana kiransa haka. A ɗakunan fadar kuma aka tsinci sama da kilo 20 na ɗanyen shuɗin dutsen nan mai daraja da ake haƙowa a Badakhshan ta Afganistan. Wurin da aka ce hanyar makiyaya ce kawai.

Daga nan rigima ta fara, kuma ina ganin kowane mai karatu ya kamata ya san ta, don har yau ɓurɓushinta na yawo a Facebook da WhatsApp.

Rubutun nan yana da wuyar sha'ani ta hanya biyu. Na farko marubutan Ebla sukan rubuta alamar Sumer amma su karanta da harshensu, kamar yadda lamba 5 take, kai ka ce biyar, Balarabe ya ce khamsa, rubutun bai nuna wanne aka furta ba. Na biyu alama ɗaya tana iya samun karatu uku ko huɗu, kamar ajamin da ba a sa wa wasali ba, ka ga kaf da ra, kara ne ko kore ne ko kiri, sai ma'anar jimla ta raba gardama. A harshen da ba wanda ya taɓa karantawa kuwa, ma'anar jimlar ma nemanta ake yi. Pettinato mutum ne mai kaifin basira da sauri, saurin ne ya kai shi. A 1976 ya je Amurka ya yi jawabi gaban masana Baibul, daga nan labari ya bazu cewa an ga Saduma da Gwamrata, garuruwan mutanen Annabi Luɗu, a cikin allunan, an ga wani sarki Ibrium wanda wataƙila shi ne Eber da Attaura ta lissafa cikin kakannin Annabi Ibrahim, an ga sunaye masu ƙarewa da “ya” da aka ce gajeren sunan Ubangiji ne a Ibrananci. Wani farfesa Ba'amurke, David Noel Freedman, ya ƙara yayata zancen. Jaridu suka ɗauka kamar wutar daji.

Da aka zauna aka sake karantawa a natse sai abubuwan suka fara zubewa ɗaya bayan ɗaya. Ibrium ba sarki ba ne, waziri ne, ɗansa Ibbi-Zikir ya gaje shi a wazirci. Garin da aka ce Gwamrata ne ashe Imar ne, sananniyar tasha a bakin Furat. Alamar da aka karanta “ya” tana da wasu karatun da suka fi dacewa da wurin. Wata doguwar wasiƙa da Pettinato ya ɗauka rahoton wani kwamandan Ebla ne da ya ci Mari da yaƙi, sai Bajamushen masani Dietz Otto Edzard ya nuna akasin haka ne, Enna-Dagan sarkin Mari ne ke lissafa wa Ebla nasarorin magabatansa don ya tsorata ta. Wata yarjejeniya da aka ce da birnin Assur aka yi, da wani gari ne Abarsal. Sunaye masu kama da Isma'ila ko Mika'ilu kuwa, ai sunaye ne na dangin harsunan gaba ɗaya, ganinsu a rajistar fada bai nuna wani annabi ake nufi ba, kamar yadda ganin Isma'ila a rajistar makarantar firamare bai nuna haka ba.

Mu ma abin ya taɓo mu. Mujallar National Geographic ta Disamba 1978 ta rubuta cewa an ga sunan Iram a allunan, ta haɗa shi da Iram ɗin Suratul Fajri, kuma har gobe za ka ga ana tura wannan magana a matsayin hujja. Daga wancan zangon na karatun gaggawa ta fito, lokaci ɗaya da zancen Saduma. Ni a ganina Alƙur'ani bai rataya a kan allon laka ba, kuma wanda ya jingina imaninsa da karatun wani masani na 1976, ranar da aka gyara karatun me zai ce? Kamannin suna kaɗai bai isa ba, ko ya yi mana daɗi ko bai yi ba.

Siyasa ta shigo ta ƙara dagula lamarin. Shekarun nan su ne na sulhun Camp David tsakanin Masar da Isra'ila, gaba tsakanin Siriya da Isra'ila na kan ganiyarta, sai ga jaridun Yamma na nuna kamar tsohuwar masarautar Siriya asalin Ibraniyawa ce. Hukumomin Dimashƙa suka fusata. Pettinato ya fitar da sanarwa yana nesanta kansa daga fassarorin, aka kafa kwamitin masana na ƙasa da ƙasa, Alfonso Archi ya karɓi aikin karanta allunan. A Amurka wata mujallar tarihin Baibul ta yi ta zargin cewa Siriya na danne gaskiya, Matthiae kuma ya miƙa wuya don kar a ƙwace masa izinin tono. Zargin ba na banza ba ne gaba ɗaya, don duk mai tono a ƙasar wani izininsa na hannun gwamnati, kuma gwamnatin Hafiz al-Assad ba wadda ake ja da ita ba ce. Matsin lamba kam an yi. Amma abin da ya yanke hukunci shi ne an buga allunan, da hotuna da kwafi, kundi bayan kundi, har jeri biyu masu kishi da juna, ɗaya daga Roma ɗaya daga Napoli inda Pettinato ke fitar da nasa, masana a Jamus da Amurka da Faransa da ba ruwansu da Dimashƙa suka karanta da idonsu, kuma ba su ga Saduma ba. Matthiae da Pettinato dai, malamai a jami'a ɗaya, sun rabu baram-baram. Pettinato ya rasu a 2011.

Akwai wata gardamar tsakaninsu da ta fi wannan amfani ga ilimi, ta shekarun fadar. Pettinato ya dubi salon rubutun ya ce ya yi kama da na wajen 2500 kafin Miladiyya, don haka fadar ta girmi daular Akkad nesa ba kusa ba. Matthiae ya dubi hawan ƙasa da tukwane da sassaƙa ya ce a'a, ta fi kusa da zamanin Akkad. Mai karatu da mai tono ke nan, kowa da ma'auninsa. Sai a 1977 ƙasa ta yi magana, aka tsinci murfin wani tulu na farin dutse daga Masar a cikin tokar fadar, ɗauke da sunan Fir'auna Pepi na Ɗaya, Gabriella Scandone Matthiae masaniyar tarihin Masar a tawagar ita ta yi nazarinsa. Abu ne mai sauƙin ganewa, ba yadda za a yi fada ta ƙone kafin a yi sarkin da sunansa ke cikin tokarta. Murfi ɗaya ya rufe ƙofar 2500.

Amma shi ma Matthiae ba duk abin da ya faɗa ne ya tsaya ba, kuma bai kamata a ɓoye wannan ba. Da farko ya ce Naram-Sin ne ya ƙone fadar, daga baya ya janye ya koma kan Sargon. Archi da Maria Giovanna Biga kuma, abokan aikinsa na cikin gida, suka bi lissafin shekarun ƙarshe wata bayan wata, suka ga Ibbi-Zikir ya fita yaƙi ya ci Mari a kusa da Terqa, shekara uku bayan haka allunan suka yi shiru, suka ce to Mari ce ta dawo ta rama. Matthiae bai yarda ba. Ni hujjarsu ta fi kama min hankali, don daga cikin ɗakin ta fito, tasa kuma ta fi dogara da kirarin da sarakunan Akkad suka yi wa kansu, shi kuwa kirari kowa ya san halinsa. Haka kalmar daula da ya yi amfani da ita a farko ta yi wa Ebla yawa, masarauta ce mai ƙarfi a cikin masarautu, wani lokaci tana biya wani lokaci ana biyanta. Abin da ya burge ni shi ne waɗanda suka saɓa masa a tawagarsa suke, da kayan da shi ya tono suke ja da shi, kuma aikin ya ci gaba tare.

Bayan hayaniyar ta lafa bai tattara ya koma ofis ba, ya sake yin shekara talatin da wani abu a wurin. A 1978 da 1979 suka shiga kaburburan sarakuna a ƙarƙashin wata fada ta yamma, suka sami kayan zinari da wata sandar sarauta ta Masar. Suka bi birnin na baya har zuwa rushewarsa ta ƙarshe wajen 1600 kafin Miladiyya, wadda ake dangantawa da Hittiyawa daga Anatoliya. Suka koma gyaran bangaye don masu ziyara, ɗaliban da suka fara da wankin tsingaro suka zama farfesoshi, irin su Frances Pinnock da ta zama abokiyar jagorancinsa.

Sai 2011, yaƙin basasa ya ɓarke a Siriya. Tawagar ba ta samu komawa ba, Mardikh kuma tana lardin Idlib ne, dab da Saraƙib, a kan babbar hanyar Dimashƙa zuwa Halab da kowane ɓangare ke son riƙewa. Tudu mai tsayi a fili irin wannan wurin tsaro ne a idon mai bindiga, aka haƙa ramuka, aka fasa hanyoyi a ƙarƙashin ƙasa, aka girke mayaƙa. Masu tonon sata suka shiga, wasunsu talauci da yunwar yaƙi ne suka tura su, hotunan tauraron ɗan adam suka riƙa nuna ramuka na ƙaruwa shekara bayan shekara. Gidan tarihi na Idlib, inda aka ajiye kaso mai yawa na allunan, shi ma bai tsira ba bayan garin ya sauya hannu a 2015, kayayyaki da dama sun salwanta. Wallahi abin da ciwo, laka ta yi shekara 4,300 a ƙarƙashin toka lafiya lau, ta fito ta yi shekara arba'in kacal a hannunmu.

Abin da ya rage a hannu shi ne abin nan da aka yi ta yi a hankali lokacin da duniya ke gaggawa, hotunan allunan, kwafinsu, lambobinsu, taswirar ɗaki da awon kanta. Da su ake ci gaba da buga karatun allunan da wasu ba a san inda suke ba yanzu. Da su aka sake gina ɗakin L.2769 daidai girmansa aka nuna shi a tsohon dandalin Kolosiyam na Roma a 2016, tare da kwafin abubuwan da aka rusa a tsoffin biranen Nimrud da Tadmur. Sojojin gwamnatin Assad ta lokacin sun karɓe yankin a farkon 2020, a 2022 kuma tawagar Italiya ta sake taka tudun bayan shekara 12, Matthiae na da shekara 82. Aikin farko da ke gabansu ba sabon tono ba ne, bin ramukan mayaƙa da na ɓarayi ne ɗaya bayan ɗaya, a auna, a zana, a gane wane hawa suka ratsa da abin da suka lalata, don mafi yawan hekta 56 ɗin nan har yanzu ba a taɓa buɗe su ba.